In Ka Kai Ƙarshen Kuyyarka, Ka Juyo

Wurno,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yayana Mu'azu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, kai da abokan gasarka a Goronyo. Allah Ya sa takardar nan ta iske ku lafiya, Ya tsare ku a ruwa da tudu, amin.

Yaya, ka yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto maka. Na san ba girmana ba ne, kuma ka san ko a gida ba na iya haɗa ido da kai in yi doguwar magana. Laifina ma biyu ne, gara in faɗe su tun da farko. Na ɗaya shi ne wannan rubutun. Na biyu, ranar Juma'a da ka zo gida, na kawo maka abinci zaure na iske kana waya, na ji abin da ba a kira ni in ji ba. Ka ce, "Tukur ba shi iya keke. In ya iso ran Alhamis za ni gaya mai, Dogo na Rimawa za shi hau gurbinai."

Na ajiye kwanon na fita. Na so in riƙe maganar a cikina, amma ranar Lahadi na zuba wa miya gishiri sau biyu, Inna ta dube ni ta ce, "Ke Luba, mi ke cin ki?" Sai na faɗa mata, ita kuma ta faɗa wa Baba. Tukur bai san komai ba, Baffa Garba mahaifinsa ma bai sani ba. Gobe Tukur zai hawo motar Goronyo da jakarsa, kuma shi ne zai miƙa maka wannan takarda. Ina roƙonka ka karance ta har ƙarshe kafin ka ce masa komai.

Da Baba ya ji, bai yi faɗa ba. Ya sa na sake bayyana masa yadda gasar take: mutum huɗu a ƙungiya, ku tuƙo jirgi daga Goronyo ku biyo gulbi zuwa Wurno, ku taka da ƙafa zuwa Marnona, daga can ku hau kekuna zuwa Rabah, kowa ya shiga gari kafin la'asar saboda yanayin hanya. Na ce masa ba a ɗaukar lokacin ƙungiya sai na huɗunta ya iso, kuma waɗanda suka ci su za a kai gasar jiha. Da na gama, ya ce in ɗauko biro.

Inna ta ce, "Ga waya nan, ka kira shi mana."

Baba ya ce, "Yaushe kinka taɓa ji na zauna ina zance da yaron ga?"

Gaskiya ne, Yaya. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ban taɓa ji a bakinsa ba, kullum sai dai "yayanki". Na tambaye shi ko in rubuta "ka ce masa", sai ya ce, "A'a, rubuta kamar da shi nike. Takarda ba ta jin kunya." Don haka abin da ke biye maganar Baba ce, ya yi mini ita kaɗan-kaɗan in na dawo daga makaranta. Inda na sa baki zan gaya maka ni ce.

Ga maganarsa:

Ɗana, ina gaishe ka, ina kuma yi maka addu'a. Ni ban taɓa shiga gasa irin taku ba. A zamaninmu ba a tara mutane don a ga wanda ya iya tuƙi ko tafiyar ƙasa, tafiya ce take kama ka, ka yi ta. Amma gulbin da za ku bi na bi shi, hanyar da za ku taka na taka ta, kuma wautar da ake yi a kansu kusan duk na yi. Ba ni da wayon da zan ba ka sai wanda wauta ta koya mini.

Zan fara da ƙafa, don ita ce ke ɗauke da mutum. Ina saurayi muka kora jakuna da albasa zuwa kasuwar Gandi. Jajibirin tafiya na sayi sabon takalmin fata, ja, mai ƙara in ana takawa, saboda akwai wadda nake so ta gan ni da shi a can.

Yaya, ni ce Luba. A nan Inna ta bar tankaɗen da take yi ta ce, "Wace ta?" Baba ya ce, "Wadda ba ta kai ki ba. Luba, kak ki rubuta wanga." Ka yi haƙuri, na riga na rubuta. Ya ci gaba:

Ba mu kai Marnona ba dunduniyata ta saluɓe. Na daure don kada abokan tafiya su yi dariya, har jini ya jiƙa takalmin. Daga ƙarshe na cire, na ɗaure su da igiya na rataya wa jaki a wuya, na shiga Gandi ba takalmi ina ɗingishi. Mutanen kasuwa suka riƙa cewa Wurnawa sun ci gaba, jakinsu ma takalmi gare shi. An ce mini ka sayi sabon kambas fari saboda ranar gasa. Ka ajiye shi sai sallah. Ka sa tsohon nan da ya san ƙafarka, ko da ya yi muni. Kada ka canja sirdin keke, kada ka ci abincin da cikinka bai saba da shi ba. Duk abin da ba ka gwada ba, ranar gasa ba ranar fara saninsa ba ce. Haka takalmi yake, haka kuma abokin tafiya.

Sai maganar ruwan sha. Wata shekara muna yankan shinkafa a fadama, rana ta take, aka kawo tulu. Na ga manya ba su sha ba, na ce ni ma ba ni sha, kada a ce ƙarfina na baki ne. Kowa yana jiran wani ya fara. Ni dai na ga fadamar ta juya, ban sake sanin inda nake ba sai da na farka a gindin mangwaro, Garba ƙanena yana zuba mini ruwa a ka. Aikin da na so a yabe ni da shi, wasu suka ƙarasa mini. To kai ne shugaban tafiyarku. Kada ka jira wani ya ce yana jin ƙishirwa, samari ba su faɗa. Kai za ka riƙa cewa a sha, kowa ya sha, har da wanda ya ce bai ji ba. Kai za ka fara kai gora baki don sauran su sami sauƙin bi. Ku riƙe dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, ku riƙa ci kaɗan-kaɗan tun yunwa ba ta zo ba. Ruwan gulbi kuwa ko ya yi haske kamar madubi kada ku sha. Kuma azahar za ta same ku a hanya. Ku yanke inda za ku tsaya ku yi salla tun kafin ku tashi, don in ba ku yanke ba, gardama za ku yi a kai ga gajiya.

Yanzu gulbi. Akwai shekarar da ruwa ya cinye hanya, ni da Garba muka ɗauko kaya a jirgi daga Goronyo. Ni ke baya ina tuƙi da filafili, shi yana gaba da gorar tura jirgi. Muka iso inda gulbin ya rabu biyu. Hannu ɗaya mai faɗi ne, ya miƙe sambal, ruwan a kwance luf. Ɗayan matsattse ne, ya yi kwana ya shige cikin ciyawa. Na karkata jirgi wajen mai faɗin. Garba ya tsoma gora, ya dubi ruwan, ya ce a hankali, "Yaya, ruwan ga ba shi tahiya."

Na ji shi sarai. Amma da yake bai ɗaga murya ba, kuma ƙanena ne, sai na yi kamar iska ce ta wuce. Muka yi nisa, ruwan yana ta raguwa, kainuwa ta rufe gaba, jirgi ya kafe a laka. Sai da muka sauke kayan a ka, muka jawo jirgin da baya, laka har cinya, matsattsaku suna manne mana a ƙafafu. Waɗanda muka baro a baya suka wuce mu ta ƙaramin hannun suna ɗaga mana filafili. Har muka iso gida Garba bai ce "ai na gaya maka" ba. Da ya faɗa ma da na fi jin sauƙi.

Abin da na koya: ruwan da ya fi kyan gani sau da yawa shi ne wanda ba ya zuwa ko'ina. Ku jefa ɗan kara ku ga inda ya nufa. Na biyu kuma, a kowace tafiya akwai mai magana ƙasa-ƙasa. In ya yi magana, ka dakatar da masu hayaniya ka ce ya maimaita. Tukur ubansa ya biyo. Tun yana ƙarami yake bin Garba kamun kifi, ya san gulbin nan kamar tsakar gidansu, kuma ba zai yi maka ihu ba ko da ya ga za ka kafe. Ni ban san Dogo ba, ba ni kushe ɗan kowa. Mai yiwuwa ya fi Tukur ƙafa a kan keke. Amma kafin ku kai ga keke sai kun fita daga ruwa.

Yaya, ni ce kuma. Daga nan Baba ya ce in rufe littafi, sai washegari. Da na dawo makaranta jiya na iske shi a inuwar darbejiya yana tufka igiyar rama a cinyarsa. Ya ce Inna ta matso ta zauna, ko da yake ta san labarin. Bai ɗago kai daga igiyar ba har ya gama wannan maganar:

Ɗana, wannan ita ce babbar, sauran duk share fage ne. Ku yaran yanzu kun iske gayya ta ja baya, bari in gaya maka yadda take. In an kira gayya, samari suna jeruwa a bakin gona, kowa da kuyyarsa, wato layin da zai nome, makaɗa suna biye da ganga. Akwai doka ɗaya da ba a faɗa don kowa ya san ta. In ka kai ƙarshen kuyyarka, ba ka tsayawa, ba ka kuma kama sabuwa. Juyowa kake yi ka shiga kuyyar wanda ya rage baya, ka nomo ta daga ƙarshe, shi yana tahowa kana tahowa, har ku haɗu. Shi ake kira tarbo. Kowa ɗan'uwansa yake fara tarbowa, in ba shi da ɗan'uwa a wurin, sai maƙwabci. Ta haka ake fita gona tare, ba a gane wa ya gaza.

Shekarar da Garba yake neman aure, ya kira gayya gonar surukinsa. Ranarsa ce, don shi aka taru. Ga shi kuwa bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, wuyansa duk ya rame. Da safe mahaifinmu ya kira ni gefe ya ce, "Ka lura da ƙanenka." Na ce to.

Lokacin nan ina ji da ƙarfi. A Wurno babu mai fita kuyya kafin ni, amma ranar an gayyato wani ƙato daga Marnona da ake ta zancensa. Aka jera, ganga ta tashi. Na duƙa ban ɗago ba sai a ƙarshen gona, na waiga na ga na riga mutumin Marnona da kaɗan. Na ga Garba kuma can baya, ko rabi bai kai ba. Wallahi na gan shi. Har na juya kafaɗa zan shiga kuyyarsa, sai makaɗi ya iso kaina da ganga, yana kiran sunana da na kakana, mata suna guɗa. Na ɗaga fartanya sama. Raina ya ce mini, in ka kama sabuwar kuyya yanzu ka fitar da ita, an gama zancen mutumin Marnona har abada. Garba kuwa wani zai tarbo shi.

Na kama sabuwa. Sauran samari da suka fita kowa ya juya wajen nasa, ba wanda ya shiga kuyyar Garba, don kowa ya san yana da wa a wurin, kuma shiga gaban wa raini ne. Haka aka bar shi shi kaɗai a tsakiyar gona, yana noma yana tsayawa yana haki, a gaban surukinsa, a gaban 'yan matan da suka kawo fura, ita ma wadda zai aura tana cikinsu. Wata ta yi dariya, sauran suka kama. Ka san wanda ya tarbo shi daga ƙarshe? Mutumin Marnona. Ya bar gasar da yake yi da ni, ya tsallaka kuyyoyi ya shiga ta Garba. Da suka haɗu ya dafa kafaɗarsa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Sannu, ƙanena."

Ni na ci gayyar. An yi mini kirari har cikin kasuwa. Auren ma an yi, ita ce uwar Tukur. Garba bai ce mini komai ba, ka san halinsa. Amma da kaka ta yi, ya roƙi mahaifinmu a yanka masa gonarsa daban, ya kuma kafa danga a tsakiyar gida. Tun daga ranar muna gaisawa, suna da jana'iza ba ya rasa nawa, ba ni rasa nasa, amma ba mu sake duƙawa a gona ɗaya ba, ba mu sake sa hannu a akushi ɗaya ba. Ni kuma na riƙe cewa wa ba ya ba ƙane haƙuri, na ce lokaci zai gyara. Lokaci bai gyara komai ba, furfura kawai ya kawo mana. Makaɗin ya rasu, gangar ta fashe, yau ko a gidan nan ba mai tuna kirarin. Dangar ce dai ke nan.

Ƙofar da ke jikin dangar nan, da Innarku da uwar Tukur suke bi suna karɓar wuta da gishiri, ka san wa ya yi ta? Kai da Tukur. Kuna rarrafe kuka ɓarke karan kuna bi, a toshe ku sake ɓarkewa, har aka gaji aka bar ta. Abin da na kasa yi da bakina, ku kuka yi shi da gwiwoyinku. Shi ya sa da aka ce mini za ka ajiye shi ka ɗauki wani, abinci ya fita raina.

Ba umarni nake ba ka ba. Kai ne shugaban tafiyarka, kuma na san kana son zuwa gasar jiha, ba laifi ba ne saurayi ya so a san shi. Ba ni yi maka ƙaryar cewa da Tukur dole ku ci. Mai yiwuwa ku zo na biyu, ko na biyar. Abin da na sani shi ne na taɓa tsayawa inda kake tsaye, ganga a kunnena, ƙanena a baya, na zaɓa. Na ga abin da zaɓin ya saya mini, na ga abin da ya ci. Waɗanda suka shirya gasarku da suka ce sai na huɗu ya iso, dokar gayya suka ɗauko, ko sun sani ko ba su sani ba. Ƙarfin da Allah Ya ba ka fiye da na sauran, ba don ka isa Rabah ka tsaya kana jira ba ne. In ka kai ƙarshen kuyyarka, ka juyo.

Nan maganar Baba ta tsaya. Sauran tawa ce, in ka yarda.

Yaya, tun da ka tafi, kullum in zan tafi makaranta sai na haɗu da Tukur a hanyar Marnona, a kan tsohon keken Baffa, ya ɗaure buhun yashi a baya wai don ƙafarsa ta saba da nauyi. Ran nan ya faɗi a kwanar makabarta, gwiwarsa ta ɗaye. Ya ce, "Luba, kak ki gaya ma Mu'azu, kar shi damu." Har yanzu bai kai ka sauri ba, ba zan ce ya kai ba. Amma wurin hawan nan da yake sauka ya tura, yanzu a kan keke yake haye shi.

Na kuma yi wani ƙarfin halin. Na je wurin Madam Rifkatu, malamarmu ta wasanni, wadda ta taɓa ganin irin gasar nan a garinsu. Sai da na tsaya a bakin ofis har ta gaji ta ce, "Lubabatu, shigo mana, ba na cizo." Na tambaye ta ko an yarda mai ƙarfi ya ja abokinsa. Ta ce ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi duk haka suke yi. Ana ɗaura igiya a ƙarƙashin sirdin na gaba, a haɗa ta da guntun robar tayar keke don kada ta fizga, na baya kuma ba ya ɗaurewa, riƙewa yake yi a kan ƙahon keke yadda zai saki in za a gangara ko a yi kwana. Ta ce ku gwada kafin ranar, ku kuma tambayi alƙalan gasa don a tabbata. Da na gaya wa Baba, shi ne ya aika aka sayo rama. Igiyar tana cikin jakar Tukur, robar ni na yanko a wurin mai faci. Shi a zatonsa ta ɗaure kaya ce. Kuna da ranar Juma'a ku gwada ta.

Akwai abu ɗaya da ya faru yau, Baba bai ce in rubuta ba, bai kuma hana ba. Bayan la'asar ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi da ƙwaryar fura. Ka san ciwon gwiwarsa, rabonsa da fadama tun bara. Muka tafi a hankali. Na zaci gonarmu za mu, sai na ga ya ratse ya nufi ta Baffa Garba. Baffa yana dashen albasa shi kaɗai, tunda Tukur yana gida yana haɗa kaya, ga fangalin dashe mai tsawo a gabansa, rana kuma ta fara sanyi.

Baba bai yi doguwar sallama ba. Ya zagaya can ƙarshen fangalin, ya jingine sanda, ya naɗe wando, ya durƙusa da ƙyar har na ji gwiwar ta yi ƙara. Baffa ya miƙe tsaye da irin albasa a hannu.

Ya ce, "Yaya, lahiya? Mi ya kawo ka?"

Baba ya ce, "Tarbo."

Baffa ya daɗe yana kallonsa. Ni dai na sunkuyar da kai, na rasa inda zan ajiye ƙwaryar. Can ya ce, "Ka makara."

Baba ya ce, "Na sani. Luba, amso min iri."

Na karɓo na kai masa. Suka duƙa, wannan daga nan, wancan daga can. Baba yana dasawa yana jan gwiwa, Baffa ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, don haka ba a tsakiya suka haɗu ba, kusa da gefen Baba ne. Da kawunansu suka kusa gamuwa, Baffa ya dubi layin Baba ya ce, "Dashenka ya karkace."

Baba ya ce, "To gyara mana, ba kai a gwani ba?"

Baffa ya yi wata 'yar dariya, ya sa bayan hannu ya share ido, ya ce ƙasa ce ta faɗa masa. Suka zauna a kan gefen fangali. Ludayi ɗaya na kawo, don ban san mutum biyu za su sha ba. Baba ya sha ya miƙa masa, ya karɓa.

A nan Baffa ya ce ranar Asabar zai ɗauki Baba a babur su je Rabah su tsaya a bakin layin ƙarshen gasa. Ya ce, "Yaranmu biyu cikin ƙungiya guda, ai sai mun gani da idonmu." Baba ya juyo ya kalle ni. A hanyar dawowa ya ce, "Ki ƙara mai layi guda. Ki ce ni ba na-gaba za ni duba ba. Daga baya za ni fara ƙirga."

Inna tana gaishe ka, ta ce ka karanta addu'ar shiga jirgi, ka kuma sa rigar ruwan da za a ba ku ko da ka iya iyo. Baba ya ce Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fi shi. Allah Ya kiyaye ku daga sharrin ruwa da sharrin hanya, Ya ba ƙafafunku ƙarfi, Ya shigar da ku Rabah da sauran rana, ku huɗu, ba wanda ya rage. Amin.

Yanzu in ka ɗaga kai, Tukur yana nan kusa da kai, wataƙila yana jiran ka tambaye shi mutanen gida. Ni dai iyakata ke nan. In na wuce gona da iri, ka yafe wa ƙanwarka. In kuma ban ɓata maka rai ba, ina neman izininka in sake rubuto maka wata rana, da maganar kaina, don na ga a takarda bakina ya fi buɗewa. Ba sai ka aiko da amsa ba. Inna ta ce za ta bar ni in bi motar 'yan makarantarmu zuwa Rabah. In na hango igiyar rama a ƙarƙashin sirdinka, zan ɗauka ka ba ni izini.

Ƙanwarka mai biyayya,
Luba.